Hausar Kakanninmu a Akwatin Bishop

A unguwar Tandabawi ta Makka aka yanke min cibiya, a wani gidan dutse da ke manne a jikin tudu, wanda in ka hau samansa kana hango hasumiyoyin Harami. Mahaifina ma a nan aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, shi da matarsa da jakinsu, suka yi shekaru a hanya, in damina ta riske su su tsaya su yi ƙodago a gonakin mutane, in kaka ta yi su ɗaura kaya, har Allah ya tsallako da su teku. Iyakar abin da muka sani ke nan. In ka tambayi manya ta ina aka biyo, sai su ce ta Sudan. In ka ce ta wane gari, sai su ce Allah ne masani. Babu wanda ya bar mana ko layi ɗaya a rubuce, mu ma kuma ba mu damu ba, don a ganinmu wanda ya iso Makka labarinsa ya kammala.

Da rusau ya biyo ta unguwarmu muka koma unguwar Rusaifa, dangi suka watse, kowa ya kama shiggarsa, wato sashensa na haya, a bene. Ni aikina tafinta ne a wani ƙaramin asibiti a Kudai, dab da tashar motocin alhazai. Likita ya yi magana da Larabci in mayar wa majinyaci da Hausa, majinyaci ya kawo kukansa in mayar wa likita. Da Hausa nake cin abinci, amma in na dawo gida na yi wa 'ya'yana Hausa, da Larabci suke amsa min. Tun ina faɗa har na gaji na ƙyale su.

Babbar 'yata ta sami tallafin karatu ta tafi Ingila koyon aikin adana tsofaffin takardu. Cikin horon da ake ba su, aka tura ta wani ɗakin ajiya da ke riƙe da takardun manyan shugabannin cocin Angalika: wasiƙunsu, littattafan da suke rubuta al'amuransu na yau da kullum, hotuna, da duk tarkacen da mutum kan mutu ya bari a kan teburinsa. Na ce yarinyar da ta tashi tana jin kiran sallar Harami ta taga, a rasa inda za a kai ta sai cikin kayan coci? Mahaifinta ya ce in kwantar da hankalina, takardu aka ce ta jera, ba huɗuba aka ce ta saurara ba.

Wata rana da hantsi, ina ɗakin hutun ma'aikata ina shan shayi, sai ga hoto ya shigo wayata, sai kuma ga kiranta.

"Ummi, don Allah duba min wannan," ta ce da Larabci. "Baƙaƙen namu ne, amma bayan bisimilla ko kalma ɗaya ban gane ba. A jikin akwatin an rubuta wai Larabci ne da ba a tantance ba."

Na buɗe hoton na ƙara masa girma. Takarda ce da ta yi ja don tsufa, da rubutun tawada mai kauri irin na allo. Mahaifina ya koya min ajami ina ƙarama, don in riƙa karanta masa saƙon da alhazai ke kawowa daga 'yan'uwa, amma rabona da shi tun kafin in yi aure. Na fara haɗa baƙi a hankali. Sai na ji bakina yana furta sunan wata ƙofa ta birnin Kano, ga ayari, ga jakuna, ga guzuri. Na ajiye kofin.

"Ke," na ce, "wannan ai Hausa ce."

"Hausa? Da baƙaƙen Larabci?"

"Da me kike tsammanin kakanninki suke rubutu?"

Sai na ji tana yi wa wata magana da Turanci cikin ɗoki. Shugabarta ce, wata Baturiya da ta yi shekaru tana kula da akwatunan.

A kwanakin da suka biyo baya na san mai akwatin. Wani bishop ne, wato babban limamin coci, da ya zauna a wani gari a bakin Kogin Nilu zamanin da Turawa ke riƙe da Sudan. Ayarin mahajjata daga ƙasar Hausa kan yada zango a bayan gidansa su jira jirgin fito. Shi kuma yana son ya iya Hausa don ya riƙa yi wa Hausawa wa'azin addininsa da harshensu. Sai ya riƙa roƙon malaman da ke cikin ayari su rubuta masa labarin tafiyarsu, yana bi yana koyo. Ya kuma ɗauke su hotuna da yawa. Da ya rasu iyalinsa suka tattara komai suka miƙa wa ɗakin ajiyar, kuma tun daga nan ba a sami wanda ya karanta ba. Baturiyar ta aiko ta bakin 'yata tana tambaya ko zan yarda in karanta musu, in mayar da rubutun boko, sannan a fassara. Na ce zan yi shawara.

Da Kawuna zan yi shawarar, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ne babbanmu yanzu. Ya daɗe yana sayar da turare da darduma kusa da Harami kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci a gidana yake cin abincin rana. Na bari sai da ya wanke hannu aka kawo shayi, sannan na kawo maganar.

Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Wato mutumin nan ya tara maganar kakanninmu ne don ya sami hanyar shiga zukatan jikokinsu."

"Haka ne, Kawu."

"To ke kuma, kina maƙwabtaka da Ɗakin Allah, za ki ƙarasa masa aikin da ya fara?"

"Kawu, shi ya riga ya tafi da niyyarsa. Rubutun kuwa ba nasa ba ne, na mutanenmu ne. Da sunan Allah suka fara kowane shafi."

Ya daɗe yana juya kofi a hannu. "Ban hana ki ba," ya ce. "Amma babu hannuna a ciki, kuma kada ki kawo min."

Na ce to. Na fara aikin ni kaɗai, bayan la'asar in na taso daga asibiti. Sun buɗe min hanyar ganin shafukan a kwamfuta, bisa sharaɗin ba zan buga ba, ba kuma zan tura wa kowa ba. Aikin ya fi yadda na zata wuya. Ba mutum ɗaya ya rubuta ba, kowa da irin hannunsa, wani ya sa wasali, wani ya bar ka da baƙi tsura ka yi ta lalube. Wata rana sai in yini a kan rabin shafi. Idona ya soma ruwa, na sayi tabarau. Sau da yawa na yi niyyar in ce wa 'yata a nemi wani, sai in tuna muryarta ranar farko in fasa.

Wata Juma'a bayan an ci abinci Kawu ya kishingiɗa a kan matashi ya rufe ido. Na ɗauka barci ya yi, sai na ja kwamfutar gefe na kira 'yata, ina karanta mata a hankali tana rubutawa.

"Ya ce sun bar rijiyar da asuba, suka yini suna shan fura, har idanunsu suka yi ja, yara suna ta tari."

"Ummi, fura tana sa tari?"

"Wataƙila ta yi tsami ne."

Daga kan matashi sai na ji an ce, "Wace irin fura ce ke sa ido ya yi ja?"

Na waiwaya. Idonsa a rufe yake har yanzu.

"Ɗigon baƙin farko a sama yake ko a ƙasa?"

"A sama, Kawu. Guda ɗaya."

"To ba fa ba ne, ƙaf ne. A rubutun mutanenmu ɗigon fa a ƙasa yake, bugun makarantarku ne ya mantar da ke. Ƙura suka sha, 'yar nan, ƙura! Bayin Allah suna tsakiyar hamada, ke kina nan kina dama musu fura." Ya tashi zaune ya miƙo hannu. "Kawo abin nan kafin a shafi na gaba ki ba su zuma."

'Yata tana can tana dariya har da ƙwalla. Kawu ya laluba aljihu ya sa tabaraunsa, ya matso da allon kusa da fuskarsa. Ya yi karatun allo yana yaro a wurin wani malami Basakkwace a Tandabawi, don haka hannun da ke ba ni wuya shi kamar ruwa yake bin sa. Bai ɗago ba sai da aka kira magariba. Bai ambaci maganar da ya yi a baya ba, ni ma ban tuna masa ba. Da zai tafi ya ce, "Ranar Litinin in kin taso ki biyo ki ɗauke ni."

Daga nan aiki ya yi gudu. Shi ya karanta, ni in mayar da boko, 'yata ta fassara. Abin da muka tarar ba labarin sarakuna ba ne ko yaƙi. Wani malami Bazazzagi ya bi rijiyoyin hanya ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wadda ruwanta ke da daɗi da wadda ke sa ciki ya ɓaci. Wani ya ba da labarin yadda matarsa ta haihu a gindin tsamiya, ayarin gaba ɗaya ya tsaya har aka yi suna, aka yanka ɗan akuya aka raba kowa ya sami tsoka. Wani wanzami ne, da askarsa ya ciyar da iyalinsa tun daga Borno har bakin kogi. Akwai wanda ya cika shafi guda da kewar daddawa, har Kawu ya cire tabarau yana dariya yana cewa wannan ko shakka babu danginmu ne. Akwai kuma shafin da ya sa muka rufe kwamfutar ranar ba mu ƙara ba, na wani da ya binne 'ya'yansa biyu a zango ɗaya, ya kuma tashi da safe ya bi ayari.

Dangi da suka ji labari suka riƙa bugo waya suna tambaya ko mun ga sunan kakanmu. Ba mu gani ba, har muka gama. Kawu kan amsa musu da cewa hanyar da ya taka dai mun gan ta.

Inda muka maƙale shi ne bayan ayarin ya shiga Sudan. Marubutan suka soma cusa kalmomi da sunayen wurare da ni da Kawu ba mu taɓa ji ba. Akwai wata tsohuwa da ke zuwa asibitinmu awon suga, muna ce mata Hajiya. A Kudai take zaune, tana sayar da kuka da kuɓewa da yaji a ƙofar gidan da take haya. A wata unguwar Hausawa a Sudan aka haife ta, aure ya kawo ta Makka. Ranar da ta zo awo na tambaye ta ko ta san wani gari da ake kira Angarib, don an rubuta cewa can aka kai wani mara lafiya.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Gari? Wa ya ce miki gari ne?"

"Kawuna ne ya yi hasashe."

"To ki gaya wa kawun naki gado ne. Gadon igiya. A kansa aka haife ni."

Juma'ar da ta biyo na je na ɗauko ta. Ta shigo da sandarta ta zauna, ta ce, "Ina Alhajin da ya mai da gado gari?" Tun daga ranar suka ƙulla wata irin abota ta musu. Shi ya iya karatu bai san ƙasar ba, ita ta san ƙasar ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. In ya karanta suna ta ce ba haka ake faɗa ba, in ta faɗa ya ce ba haka aka rubuta ba, ni ina tsakiya ina raba gardama da shayi. Da muka zo kan hotuna, Hajiya ta daɗe tana kallon wani da aka ɗauka a mashigin kogi, mata zaune a gindin wata ƙatuwar bishiya da ƙullin kayansu. Ta ce ba ta san kowa a ciki ba, amma bishiyar ta sani, a gindinta mahaifiyarta ke sayar da ƙosai.

Ana cikin haka 'yata ta ce ta sami littafin da shi bishop ɗin yake rubuta al'amuransa na waɗannan watanni, ko muna son mu ji. Na kalli Kawu. Ya ce a karanta. Tana dubawa da Turanci tana mayar mana da Larabci. A ciki ya ba da labarin wani zazzaɓi da ya faɗa wa zangon mahajjata, yadda ya buɗe farfajiyar gidansa aka kwantar da marasa lafiya a inuwa, matarsa tana dama musu kunu. Ya yi maganar malamin da ke koya masa Hausa, wanda kullum sai sun yi muhawara kan addini, kuma kullum a tashi kowa yana kan bakansa. Malamin ya jera duwatsu a gindin bishiyar ƙofar gidan ya mai da wurin masallacinsa, shi kuma bai hana ba. Sai 'yata ta yi shiru.

"Ci gaba mana," in ji Kawu.

"Kaka, nan wurin ba daɗi."

"Ba daɗi muka zo nema ba. Karanta."

Ta karanta. Wuri ne da ya kira mutanenmu ɓatattu, yana tausaya musu wai suna ƙarar da rayuwarsu a kan hanyar da ba ta kai ko'ina. Hajiya ta ja tsaki. Ni raina ya ɓaci ƙwarai. Kawu kuwa ya shafa gemu ya ce, "Ya so ya juya su bai iya ba. Sun sha kununsa, sun yi masa godiya, sun ɗaura kayansu sun yi gaba. Ga mu nan, ga inda hanyar ta kai. Amma ya ba su inuwa ranar da suke buƙata, kuma bai ƙona takardunsu ba. Duka biyun sai a faɗa."

Da muka kusa kammalawa na ce wa 'yata ina son mutanenmu na Makka su ga abin nan da idonsu. A nan muka ci karo da cikas. Baturiyar ta ce ikon bugawa ba a hannunsu yake ba, yana hannun iyalin bishop ɗin, kuma wadda ta rage jikarsa ce, wata tsohuwa. An tuntuɓe ta ta ƙi. Tsoronta kada a kai hotunan Makka a taru a yi ta zagin kakanta. Aka sake roƙo ta sake ƙi. Watanni suka wuce. Na ji kamar an ba ni abinci na tauna an ce kada in haɗiye. Kawu ya so mu riƙe sauran karatun sai sun yarda, na ce a'a, mun yi alkawari, muka aika musu da komai.

Sai Allah ya kawo wani taro na masu adana takardu a Jidda, Baturiyar tana cikin waɗanda aka gayyata, ta taho tare da 'yata da ta zo hutu. Tun da Baturiyar ba ta da damar shigowa Makka, mu muka sauka Jidda: ni da Kawu da Hajiya, maigidana yana tuƙi. Hajiya ta ɗauro mata turaren wuta da dabino. Muka haɗu a zauren masaukinta da hantsi. Mace ce doguwa mai yawan murmushi, ta riƙe hannuna da hannu biyu ta daɗe ba ta saki ba. Bayan an gaisa ta ce ta shawo kan jikar bishop ɗin ta yarda ta gan mu ta waya, gani kawai, ba ta yi alkawarin komai ba.

Aka jingina wayar a jikin butar shayi. Sai ga wata tsohuwa mai farin gashi fat, zaune a kujera da bargo a cinya, fuskarta a ɗaure. Kawu ya gyara zama ya ce wa 'yata, "Faɗa mata yadda na faɗa, kada ki rage, kada ki ƙara. Mun karanta abin da kakanta ya zo yi, bai yi mana daɗi ba, kuma ba za mu ɓoye ba. Mun karanta abin da ya yi wa marasa lafiyarmu, shi ma ba za mu ɓoye ba. Ba taron zagi za mu yi ba. Yaranmu ne ba su san ƙafafun da suka kawo su ba, muna so mu nuna musu."

'Yata ta fassara. Sannan tsohuwar ta soma magana a hankali. Ta ce tana ƙarama kakan nata ya tsufa ƙwarai, kuma kowace safiya in ta shiga ɗakinsa da wasu kalmomi yake tarbarta, ba ta taɓa sanin ko wane harshe ba ne. Ta ce bari ta gwada, kada mu yi mata dariya. Ta buɗe baki, a karkace, a tauye, amma babu wanda bai gane ba.

"Ina kwana."

Kafin kowa ya motsa Hajiya ta kai fuskarta jikin wayar ta ce, "Lafiya lau! Ina gajiya?"

Tsohuwar ta rufe baki da hannu. Da 'yata ta gaya mata ma'anar, sai ta soma kuka tana dariya a lokaci guda, Hajiya ma ta ja gefen mayafi tana share ido. Suka ɗan daɗe suna hira, tsofaffin nan biyu, 'yata tana tsakani, har Hajiya tana tambayarta ko ita ma gwiwa na damunta. Kafin a kashe wayar ta ce a buga, duk abin da muke so a buga, a kuma aiko mata da hoton taron. A hanyarmu ta komawa Makka Kawu da ba ya waƙa ya yi ta yabon Annabi a mota har muka wuce shingen shiga gari.

Bayan aikin hajji, da gari ya lafa, muka kama wata istiraha a bayan gari, irin gidan da ake haya don biki, ɓangaren maza daban na mata daban. Muka buga hotunan manya-manya muka jera a bango, kowane shafi na ajami da bokonsa da Larabcinsa a gefe. Na yi zaton dangi ne kawai za su zo. Tun kafin la'asar motoci suka cika layin. Mutanen Rusaifa, mutanen Kudai, tsofaffin maƙwabtanmu na Tandabawi da rabona da su tun tashinmu, har da waɗanda suka zo daga Jidda da Madina. Masu tsire suka kafa tukubarsu a waje, mata suka kawo waina da kunun gyaɗa ba wanda ya sa su.

Abin da ya fi tsaya min a rai samarin ne da 'yan matan, waɗanda ke sunkuyar da kai in an ce musu Takari a makaranta, sunan gori da ake yi wa irinmu da kakanninsu suka zo daga ƙasar Hausa. Na ga sun yi cincirindo a gaban hotunan suna ɗauka da wayoyinsu, suna jan hannun iyayensu suna tambaya. Wata yarinya ta tsaya gaban hoton wata mata mai goyo da tulu a ka, ta ce min da Larabci, "Inna, da gaske a ƙafa ta zo? Da jaririn?" Na ce da gaske. Ta ce, "Wallahi ni daga nan zuwa Harami sai an kai ni a mota."

Aka sa lasifika ta haɗa ɓangarorin biyu. Kawu ya karanta labarin haihuwar gindin tsamiya da muryarsa ta dattijo, wurin ya yi tsit, sai kukan jarirai. Da ya gama aka ɗauki kabbara. Sannan aka ce 'yata ta yi bayanin yadda aka gano takardun. Na san ta shirya jawabinta da Larabci, don na gan shi. Ta karɓi abin maganar a ɓangarenmu, ta dube ni, ta naɗe takardar.

"Iyayena, ina gaishe ku," ta ce da Hausa. "Hausata ba shi da kyau, ku yi haƙuri."

"Ba ta da kyau!" tsofaffi suka gyara mata baki ɗaya, wurin ya kaure da dariya.

Ta yi dariya ita ma ta ci gaba. Ta mai da namiji mace, ta mai da mace namiji, in kalma ta ɓace mata ta ciko da Larabci, mata suna jefa mata ta daidai daga ko'ina. Amma ba ta saki Hausar ba har ta kai ƙarshe. Ta gaya musu cewa a can ɗakin ajiyar an cire tsohon bayanin da ke jikin akwatin, an sa sabo da Hausa da Larabci da Turanci, an rubuta cewa labarin mahajjatan ƙasar Hausa ne da hannunsu, kuma jikokinsu na Makka ne suka karanta. Hajiya ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Wata ƙawata ta rungume ni tana cewa, "Kin haifa, wallahi kin haifa."

Da 'yata ta gama karatunta ta dawo, ta sami aiki a Jidda, ta sayi ƙaramar na'urar ɗaukar murya. Ta ce waɗancan sun sami wanda ya ajiye musu nasu, tsofaffinmu da ke raye kuma mu ne za mu ajiye musu. Duk Asabar muna bin gidaje, ita da na'ura, ni da tambaya. Da Hajiya muka fara. Ta yi wanka ta sa sabon mayafi duk da an gaya mata murya kawai za a ɗauka, ta yi ta zuba tun hantsi har azahar, ta ce halas, shi ke nan, ta gama, babu abin da ya rage.

Washegari ina wurin aiki sai ga ta ta shigo tana dogara sanda, alhali ba ranar awonta ba ce. Na tashi da sauri na ce ko jikin ne.

"Jiki lafiya lau. Gaya wa yarinyar nan ta goge na jiya, a sake."

"Me ya faru, Hajiya?"

"Na tsallake shekarar da kada ya ɗauke akuyar babana a mashigi, babana ya bi shi cikin ruwa da taɓarya. Yaya za a ajiye labarina babu wannan?"

Na ce ba sai an goge ba, za a ƙara a kai. Ta ce to, amma a zo da wuri, kuma a taho da babbar tabarma, don ta gaya wa maƙwabtanta biyu, ɗaya ta biyo ta Chadi, ɗaya a cikin jirgin ruwa aka haife ta, kuma dukansu sun ce ba za a yi babu su ba.